Rigar Ruwan da Ta Zama Mangalar Burodi

Ina zaune a tsakar gida ina tsince shinkafa, ranar wata Alhamis bayan azahar, Malam ya shigo. Kafin in gama amsa sallamarsa har ya iso kaina. Da takalmi a ƙafarsa ya taka tabarma, abin da shi kansa yake yi wa mutane faɗa a kai.

"Tela, ajiye farantin nan. An samu."

"An samu me?"

"Aiki. Madam mai gidan burodi a Sabon Gari. Mai raba mata burodi ya tafi, sabon kansila ya ɗauke shi direba. Ta ce in je ranar Litinin."

Malam mijina ne, Allah ya jiƙansa. Tela yake ce min saboda ɗinkin kayan mata da nake yi a gida, ban kuma taɓa jin ya kira ni da wani suna ba sai in ransa ya ɓaci. A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula ne. Hotunan 'yan takara suna nan liƙe a katangun Fagge, ruwan farkon damina ya fara ɓanɓare su. Duk wanda ya san wani da ya san kansila ya wanke babbar rigarsa ya kai guga. Mu ba mu san kowa ba. Amma ga shi ta wannan hanyar rabonmu ya biyo.

Fiye da shekara ashirin Malam ya yi yana aikin jirgin ƙasa. Shi ne mai zama a taragon ƙarshe da tuta biyu, ja da kore. Tun da ya ajiye aiki, kusan shekara biyu ke nan a lokacin, sai zaman benci a ƙofar gida. Mutum ne mai surutu da tsokana, amma zaman nan ya mai da shi shiru. Da ƙaninsa zai koma Kaduna ya bar masa wani tsohon babur, ya gwada achaɓa sati biyu ya bari. Fasinjoji suka ce tafiyarsa ta yi sanyi, wani ma ya sauka a hanya ya ce gara ya taka da ƙafa. Shi kuma ya ce ba zai yi tsere da yaran da ya haifa ba. Saboda haka da na ga fuskarsa ranar, ni ma sai na miƙe tsaye ban san dalili ba.

"Amma da sharaɗi," in ji shi. "Ta ce burodinta ba ya son a danne shi, ba ya son ruwa, ba ya son wari. In zo da abin da zan zuba shi. In bai yi mata ba, akwai wani yana jira da akwatin katako."

"To ka je wajen kafinta mana."

"Daga can nake. Ya ce sai nan da kwana goma. Kujerun ofishin jam'iyya yake bugawa, ko kallona bai yi sosai ba. Kuma ni akwatin nan ba ya min. Yana sa babur rangaji, ga masu shayin duk a lungu suke, daga nan har Rijiyar Lemo. Mangala za ki ɗinka min."

"Mangala? Ta jaki?"

"Irinta. Jaka biyu, ɗaya nan ɗaya nan, a haɗe ta sama. Babur ai jakin zamani ne."

"Malam, ni telar mata ce. Riga da zane na iya."

"To ki ɗauka amarya ce aka kawo miki. Ƙiba ce kawai ta yi mata yawa."

Ya shiga ɗaki ya jawo akwatin ƙarfensa daga ƙarƙashin gado. Kayan aikinsa ne a ciki, tun ranar da ya ajiye su ba a buɗe ba. Ya fito da guntun tampol ɗin da yake shimfiɗawa a tarago, da faffaɗan bel na fata, da tutocin nan biyu. A ƙasan duka akwai rigar ruwansa, baƙa, doguwa har idon sawu, mai kauri da nauyi, cikinta yadi bayanta roba. Da ita yake fita duk damina, in ya dawo daga Legas ko Nguru ni nake goge ta in rataye. Ya shimfiɗa ta a tabarma ya miƙo min almakashi.

Na ce ba zan yanka ba. Na ce a nemi tampol a kasuwa, ko a ari wani abu.

"Wadda ake sayarwa yanzu ba ta kai wannan ba," in ji shi. "Kuma me take yi min a akwati? Kyankyasai take yi wa gadi."

Da ya ga na ƙi karɓa, sai ya durƙusa ya kama gefen rigar, ya sa almakashi ya tsaga ta kamar tsawon tafin hannu. Ya ɗago ya dube ni yana dariya.

"To ga shi ta lalace. Sai ki gyara."

Babur ɗin yana soro, inda yake kwana kullum, gefensa na dama a jikin bango. Na ɗauki tef ɗin awo da alli na durƙusa ta gefen da ke fili. Na auna daga kujera zuwa ƙasa, na auna faɗi daga bayan ƙafar mai tuƙi zuwa fitilar baya, na bar wa taya wurinta. Malam yana tsaye yana riƙe min bakin tef, yana faɗin lambobi da ƙarfi kamar mai shelar tashoshi. Na dawo na ninka rigar biyu, na zana, na yanke jakunkunan a lokaci ɗaya. Haka matar da ta koya min ɗinki ta koya min. Hannun riga ɗaya ake aunawa, a ninka yadi, ɗayan ya fito daidai da ɗan'uwansa.

Ranar Juma'a da safe na hau keke. Allura ta farko ta karye kafin in yi taƙi ɗaya. Na sa ta biyu, ita ma ta bi ta. Keken ya fara wani kuka da ban taɓa ji ba, na ɗaga ƙafata na ce wa Malam in na ci gaba, za mu rasa aikinsa mu rasa nawa. Sai ya tuna da Baba, wani dattijo Bayarabe mai ɗinkin kujerun mota a Sabon Gari. Sun saba tun Baba yana zuwa tasha karɓar kaya. Na ɗauki basilla da zaren buhu na harhaɗa komai da hannu, kowane yanki a wurinsa, yatsuna har suka yi ja. Bayan an sauko daga masallaci na yafa mayafi muka tafi.

Shagon Baba rumfar kwano ce cike da soso da kujerun mota da aka farke. Kekensa ya yi biyun nawa, ƙafarsa kamar ta injin niƙa. Ya juya abin da na harhaɗa, ya duba ciki ya duba waje.

"Wa ya yanka wannan?"

"Ita ce," in ji Malam, yana nuna ni da haɓa.

"Amarya, ke ce? To me kike yi da wannan tsohon? Zo in ba ki aiki, ki bar shi ya ci gaba da ɗaga wa kaji tuta."

"Baba, tsohon nan shekara nawa ka ba shi?"

"Ni ban tsufa ba, gashin ne ya yi gaggawa."

Ya zauna ya taka keken. Abin da ya karya min allura biyu, shi wucewa yake yi a kai kamar atamfa. Ina tsaye a kansa ina cewa ya bi layin allina, yana cewa in yi masa shiru, shekara talatin yana wannan aiki. Duk da haka layin nawa ya bi. Kafin la'asar ta yi sanyi jaka biyu sun tashi, kowace da murfinta mai saukowa, guntun tampol ya haɗa su ta sama. Malam ya saɓa su a kafaɗa ya zaga shagon da su, makanikan da ke gefe suna yi masa tafi.

Ranar Asabar aikin cikin ne. Malam ya karɓo buhunan fulawa guda huɗu a wajen Madam, na wanke su har rubutun jikinsu ya dushe, na yi wa jakunkunan shafi da su. Don kada burodi ya danne, muka yanka ragowar katakon silin da ke bayan ɗaki, na zura a bango da ƙasan kowace jaka, suka tsaya kamar akwati. Bel ɗin muka raba biyu ya zama maɗauri. Jar tutar na yanka gida biyu na ɗinka a bayan kowace jaka don masu mota su hango shi. Koriyar kuwa ya ce in bar masa.

Da muka gama ya ajiye su a tsakar gida, ya sa zanena a ciki ya rufe, ya ɗauko buta ya tuttule a kai. Ya ƙara ta biyu. Ya buɗe ya zaro zanen a bushe, ya ɗaga shi sama.

"Tela! Ko Turawa sai haka!"

Matan maƙwabta suka jiyo suka shigo kallo. Wata ta ce in ɗinka wa mijinta, wata ta ce ita dai a sam mata burodi in an fara. Malam yana ta bayani, yana buɗe murfi yana rufewa. Rabon da in ji muryarsa ta cika gidan haka har na manta.

Lahadi da hantsi ya ce sai an gwada a titi, kuma sai da wadda ta ɗinka. Muka ɗora mangalar a kujerar baya muka ɗaure. Muka cusa matashin kai a kowace jaka a madadin burodi. Na hau na zauna a kan tampol ɗin, ya buga babur muka fita. Duk wanda ya sani a unguwa sai ya yi masa hon. Mai kanti ya ɗaga hannu, masu wanki suka bar wanki suna kallo. Muka hau Titin Ibrahim Taiwo, ranar babu cunkoso, iska tana kaɗa mayafina. Har gudu ya ɗan yi, shi da ba ya gudu.

"Kin ji ko motsi ba sa yi?" yake faɗa da ƙarfi.

"Na ji!"

"Gobe Madam za ta ce a ɗinka wa motarta ma!"

Ina dariya na fara jin wani ƙauri. Na ɗauka shara ake ƙonawa a wani wuri. Muka wuce, ƙaurin bai wuce ba. Sai wata bas ta zo daidai mu, kwandasta ya leƙo yana dukan jikin motar.

"Alhaji! Jakinka ya kama da wuta!"

Malam ya taka birki muka sauka. Jakar dama ce. Ƙasanta ya kwanta a kan salansa, wato bututun hayaƙin nan mai zafi, roba ta narke ta manne, katakon ya yi baƙi, matashin ya fara hayaƙi. Wani mai garuwa da ke wucewa ya kwara mata ruwa. Na zagaya na dubi gefen hagu. Babu salansa a can. Jakar hagu tana rataye lafiya, da sarari a ƙarƙashinta. Nan na gane abin da na yi. Gefe ɗaya na auna, wanda ba ya jikin bango.

Rigar shekara ashirin, ga Litinin gobe. Malam ya durƙusa ya daɗe yana duban ramin. Ya sa yatsa ya taɓa gefensa.

"Ni da nake hawa babur ɗin kullum, ni na riƙe miki tef," ya ce. "Hau mu tafi wajen Baba."

Ya ɗage jakar ya ɗaure ta sama da igiyar mai garuwa, muka tafi a hankali. Sabon Gari ranar Lahadi shaguna a rufe suke, ta ko'ina sai waƙar coci da mutane cikin kwalliya. Ba inda za a sayi ko ƙusa. Allah ya sa Baba yana buɗewa. Da ya ga jakar ya dafe ciki, ya yi dariya har da tari.

"Amarya, hannun riga kika yi masa ko? Mutum ne yake da dama da hagu iri ɗaya. Wannan ƙarfe ne, hanjinsa a waje yake."

"Baba, ka bar ta haka," in ji Malam. "Za ta gyaru ko ba za ta gyaru ba?"

"Za ta gyaru. Kyau ne dai ba za ta yi ba."

Ya yanke inda ya ƙone, kusan taƙi guda. Hannun rigar ruwan yana cikin ragowar da muka bari a shagon, na farke shi na yanka sabon ƙasa, wannan karon a jikin babur ɗin na gwada. Baba ya ɗinke. Ya zagaya bayan shago ya samo tsohon galan ɗin mai na ƙarfe, ya fasa shi ya buɗe da guduma, ya ɗaure shi da waya tsakanin jakar da salansa, ya bar 'yar tazara don iska ta riƙa wucewa. Malam ya zaga layin sau uku ya dawo, muka taɓa ƙasan jakar, ɗumi kawai. Sai dai yanzu ta dama ta gajarce, ga faci, ga gwangwani yana leƙowa. Kuma in ka sa hanci a ciki, ƙaurin roba yana nan.

Da muka koma gida na farke shafin na jefar. Na goge cikin jakar da toka, na bi da lemon tsami, na shanya ta a rana baki buɗe. Na yi sabon shafi da buhun da ya rage. Da yamma na sansana, na ga kamar da saura, sai na ɗauko kasko da turaren wuta. Malam ya riƙe min hannu.

"Me za ki yi?"

"In turara ta mana."

"So kike masu shayi su ce daga ɗakin amarya aka kawo burodin? Ajiye. In ta ji ta ji."

Ranar Litinin yana dawowa daga sallar asuba ya fita. Na zauna a keke da rigar wata mata, na ɗinka hannun a bai-bai, na farke, na sake yin kuskuren. Da hantsi hadari ya haɗo, aka sauke ruwa mai ƙarfi. Na tsaya a bakin ƙofar ɗaki ina kallonsa yana zuba daga indararo. Sai bayan azahar na ji ƙarar babur a soro.

Ya shigo sharkaf, hularsa a hannu, ruwa yana ɗiga daga gemunsa. Sai a lokacin ya faɗo min cewa mutumin nan ba shi da rigar ruwa yanzu. Na miƙa masa tawul ina duban fuskarsa, ya ƙi nuna komai. Sai da ya sauya kaya ya zauna ya ce in ba shi ruwan zafi.

"Malam, don Allah."

"To zauna ki ji."

Ya ce Madam mace ce 'yar ƙabilar Ibo, a Sabon Gari aka haife ta, Hausa a bakinta kamar 'yar Fagge. Ta fito da fulawa har gwiwar hannu, ta zaga babur ɗin sau biyu. Ta danna bangon jaka ta ji tauri, ta gyaɗa kai. Ta buɗe ta hagu ta sa hanci, ta rufe. Ta buɗe ta dama ta sa hanci, ta ɗago.

Malam ya miƙe tsaye ya riƙe ƙugu yana kwaikwayonta. "Ta ce, 'Malam, taya ka gasa a ciki?' Na gaya mata gaskiya, ban rage komai ba. Sai ta sa aka cika ta hagu. Ta dama kuwa burodi ɗaya tak ta jefa. Ta ce, 'Wannan nawa ne. Ka zaga da shi duk inda za ka, ka dawo min da shi.'"

Sawu huɗu ya yi da jaka ɗaya. Ruwan ya same shi a Rijiyar Lemo, ya ƙi fakewa don kada masu shayi su tashi. Ko burodi ɗaya bai jiƙe ba. Da ya koma sawun ƙarshe, ta buɗe jakar dama da kanta ta ciro nata. Ta ɓare shi biyu ta sansana, ta gutsura ta tauna a hankali tana kallonsa. Ta miƙa wa mai gasa mata burodi ragowar, shi ma ya ci ya ɗaga kafaɗa.

"Sai ta ce me?"

"Ta ce, 'Gobe ka cika duka biyun.'"

Na yi guɗa, ni da ban iya guɗa ba. Ya fita soro ya buɗe mangalar ya dawo da burodi mai zafi a leda, ya ce Madam ta ce a kawo wa tela.

"Amma ta ba ni saƙo," ya ce, yana danne dariya. "Ta ce in gaya miki ɗinki ya yi, sai dai wandon ƙafa ɗaya ta fi ɗaya."

Na ci burodin, amma maganar ta tsaya min. A satin nan na sa ya tayar da babur ya bar shi ya yi zafi, na durƙusa ta gefen dama na auna da kyau. Na fitar da sabuwar jaka daga ragowar tampol, mai faɗi ta sama don ta ɗauki burodi daidai da 'yar'uwarta, ƙasanta a karkace yadda zai kauce wa salansa ba sai da gwangwani ba. Na zana na yanka. Abin da ya rage shi ne a kwance mangalar a kai wa Baba ya farke tsohuwar ya ɗinka wannan, aikin wuni ɗaya.

Wunin ne ba a samu ba. Burodi ba shi da ranar hutu. Masu shayi suka ƙaru, masu kanti suka shigo, har sawun yamma aka ƙara masa. In na yi magana ya ce jibi. In jibi ta zo ya ce bayan Sallah. Da Sallah kuwa aikin ya fi yawa. Wani lokaci ya ce min, "Ki bar ta, da ita aka san ni. In an hango gajeriyar jaka an san burodi ya iso." Na ce ni ce ake zagi a gari. Ya ce to bayan damina.

Shekara bakwai ya yi yana wannan aiki da jakunkunan nan. Ciwon da ya ɗauke shi bai kai sati biyu ba. Madam ta zo gaisuwa da kanta, ta zauna a tabarma tare da mu har la'asar. Ƙaninsa ya zo ya tafi da babur ɗin, ya kwance mangalar ya rataye min a ƙusa a soro. Sabuwar jakar tana ƙasan kwandon yadina a yanke, da zanen alli a jikinta. Har yau ban ɗinka ta ba.